Littafi Tsakanin Faranti Biyu

A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Haka na tarar, haka na yi. Idan zan yi maganarsa sai in ce "yaron nan", har bayan da ya yi gemu. In aka yabe shi a gabana in sunkuyar da kai, in aka zage shi in yi kamar ban ji ba. Da aka yaye shi ma, yayar maigidana ce ta zo daga Tanda ta ɗauke shi, ta riƙe shi har ya isa shiga lakwal, wato makarantar boko. Ita ke ce masa "ɗana" da baki buɗe. Ni kallo ne nawa, daga nesa.

Da ya girma ya samu aiki a wani magaza, babban shagon bosho, wato gwanjo, irin dilolin da kamyo, manyan motocin kaya, ke kawowa daga Kwatano a sauke nan Gaya kafin su wuce Najeriya. Ba tufafi kaɗai ke zuwa ba. Wani lokaci akan tarar da kwali cike da tarkacen gidajen Turawa, takalma, 'yar tsana, tsofaffin littattafai. Mai magazan ba ruwansa da takarda, masu ƙosai da masu tsire yake sayar wa. Daga bakin masu ƙosai ne yaron nan ya fara ceto littattafan zane, sirara masu launi, cike da mutane masu rufe fuska da ke tashi sama suna ɗaga mota da hannu ɗaya. Wasu tsirara suke zuwa, wasu kowanne cikin ledarsa da farin kwali a bayansa. Ya ce duk wanda aka yi wa riga haka, da dalili.

Ɗakinsa na yoyo, ga gara, don haka akwatin ƙarfensa a ɗakina yake, bisa bulo. Saboda akwatin nan na daina turaren wuta a ɗaki, sai dai in kai kaskon waje. Bai roƙe ni ba. Ya dai faɗa wa ƙyauren ɗaki wata rana cewa hayaƙi na sa takarda ta yi ja, ni kuma ina zaune na ji.

Ni karatun manya na yi, bayan haihuwata ta uku. Mushe, malamin da ya koya mana, ya ce littafi sai an yi masa bango da takardar siminti, a rubuta sunan mai shi a sama. Wata safiya na samu takardar mai kyau, na share ta, na ɗauko bik na rubutu. Yana zaune bakin ƙofa yana shan kunu, sai na ce da bango, "Ga takardar siminti nan, in akwai mai son a yi wa littattafansa sutura."

Ya miƙe kamar kunama ta harbe shi.

"Inna, don Allah! Kada bik ya taɓa su!"

Ranar ce ya yi mini bayani, yana kallon ƙofa ina kallon tabarma. Ya ce yawancinsu ba su fi kuɗin ƙosai ba. Amma a cikin ɗari akan samu ɗaya wanda a cikinsa ne wani jarumi ya fara fitowa duniya. In daga baya jarumin ya yi suna, aka ce za a yi fim da shi, sai masu tarawa a ƙasashen waje su yi ta neman wannan na farkon. Kuma ba samunsa kaɗai ba ne. Suna duba shi kamar yadda ake duba ragon layya, har da maki kamar na 'yan lakwal. Kusurwa ta lanƙwashe, maki ya sauka. Ƙarfen da ya riƙe tsakiya ya yi tsatsa, ya sauka. Ɗigon ruwa, shatin yatsa mai mai, wari, rubutu ko da na suna ne, duk sauka. Na mayar da takardar simintina ƙarƙashin gado. Ban ce na gane ba, amma na riƙe.

Shekarar da sojoji suka karɓi mulki aka rufe gadar Kwara ta kan iyaka, yana can ƙetare. Ya raka kamyo ɗauko kaya, suna dawowa suka tarar an gindaya manyan akwatunan ƙarfe a tsakiyar gada. Motoci suka yi layi a Malanbil, garin ƙetare, har ido ba ya ganin ƙarshensu. Da direban ya gaji ya juya kudu, katin shaidar yaron nan na cikin takardun motar, ya tafi da shi. Mutane suka koma ƙetare Kwara a jirgin ruwa. Amma a bakin ruwa ta wajenmu sojoji na tsare samari su tambayi takarda, wanda ba shi da ita ba a san inda zai kwana ba. Mata masu kwano kuwa kaya kawai ake dubawa. Sai ya zauna can yana dakon buhu, ga gida yana hange, ba ya iya zuwa. Magaza ya rufe. Kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke. Gari ya yi shiru irin wanda ban saba da shi ba, don tun ina amarya ƙarar kamyo nake ji.

Salula ta yi mini rana a lokacin. Yakan aiko murya, in saurara ni kaɗai, ba ido cikin ido. Wata rana da la'asar saƙo ya shigo mai tsawo.

"Inna, ina wuni. Ba sai kin amsa ba, ki dai saurara. Akwai wani abokina Basarke, mutumin ruwa, yana da jirgi ba shi da moter, injin da ke tura shi. Ya ce in na kawo moter mu raba abin da aka samu. Akwai kuma wani mutumin Kwatano mai sayen littattafan nan yana aikawa waje. Zai zo ran kasuwa, da yamma zai juya, kuma ba ya sake zuwa. Littafi ɗaya yake so. Ba wanda zan iya ba wannan amana. In ya jiƙe ko ya lanƙwashe, shi ke nan, ba moter."

Ya ce in nemi mai lamba bakwai a kusurwar sama, mai hoton jirgin ƙasa yana faɗowa daga gada. Ya ce guda biyu zan tarar iri ɗaya, ɗaya sunansa da jan rubutu, ɗaya da shuɗi. Mai shuɗi bugu na biyu ne, ko an ba yara ba asara. Mai ja shi ne bugun farko. A shafinsa na ƙarshe wata mace ta fara fitowa, mai hannun gilashi, ita ce duk ake wa wannan rububi. Ya ƙara da cewa, "Kada ki buɗe ki duba ta, Inna. Ki yarda da ni tana ciki."

Ban iya Turanci ba, amma lamba ba ta da yare. Na wanke hannu, na bar shi ya bushe, na bi su ɗaya bayan ɗaya har na kai ga bakwai. Ga su biyu kamar tagwaye. Na fita da su haske don kada idona ya yaudare ni. Na ɗauki mai ja.

Shi ya ce in sa tsakanin kwali biyu. Ni na san kwali ba ya jure damina. Na ciro faranti biyu na ƙarfe cikin kayan ɗakina, masu faɗi, na kwantar da littafin a tsakaninsu, na naɗe da leda, na ɗaure da tsumma, na sa a ƙasan kwano, na zuba busasshen zogale a sama. Maigida ya dube ni ya ce, "Duk wannan don hoton aljanu?" Na ce aike ne.

Ran kasuwa na hau kabu-kabu zuwa bakin ruwa. An yi ruwa kwanakin, Kwara ta cika ta yi ja, tana tafe da ciyayi da itace. Jama'a kamar ranar idi, buhunan albasa, babura, awaki, kowa na ihu da yarensa. Ina cikin layin mata sai na ji an dafa kafaɗata.

"A'a! Amaryarmu, ina zuwa ba sallama?"

Yaya ce, yayar maigida. Har lokacin amarya take ce mini, da jikokina. Za ta sayo gari da doya, tana riƙe da jikarta, yarinya ƙarama da ba ta shiga lakwal ba, 'yar lele, ƙosai a hannu. Na durƙusa na gaishe ta. Na ce zogale zan kai. Ba ƙarya na yi ba.

Sojan da ke duba kaya yaro ne, bai fi sa'an ɗana na biyu ba. Ya tura hannu cikin zogale, ya ji ƙarfe, fuskarsa ta canja.

"Inna, mi ne wannan? Kwance."

Na kwance. Da ƙyar ƙullin tsumman ya saki. Na ɗaga farantin sama, ga jirgin ƙasa yana faɗowa daga gada, ja da rawaya, a tsakiyar rana. A irin wannan lokaci, hoton gada tana karyewa. Sai a lokacin na lura.

"Na wa ne?"

Na ce, "Na wani yaro ne."

"Wane yaro? Ina yake? Mi ya sa aka ɓoye?"

Yaya ce ta turo kai ta bayana.

"Kai, wane wani yaro? Na ɗana ne, ni na goye shi. Tun yana ƙarami haka yake da tarkacen takardu, ya girma bai bari ba. Wannan da kake gani uwarsa ce, ba za ta faɗa maka ba ko za ka harbe ta."

Matan layi suka yi dariya. Sojan ma ya murmusa. Ya ɗauki littafin ya juya shi, ya kai yatsa bakin ledar da littafin ya zo da ita zai zaro. Na ga gumi a tafinsa. Na ce a hankali, "Ɗana, yi haƙuri, ba ya son hannu mai laima." Ya dube ni, ya dubi abin, ya ɗaga shi sama ya leƙa gefensa ya ga ba komai ciki sai takarda. Ya miƙo mini.

"Ku wuce."

Mai jirgi na ta kira, ana turo ni ta baya. Ban samu na sake naɗewa ba. Na dai mayar da shi tsakanin farantan, na cusa ledar a hammata, na shiga ruwa har gwiwa da farantan a ka. Wata ta miƙo mini kwanon zogale. Aka zaunar da ni kan katako, Yaya a gefena, jikarta a tsakaninmu. Yarinyar ta riga ta gani.

An cika jirgin fiye da kima. Babur biyu a tsakiya, buhuna a kansu, mu a gefe. Tsakanin bakin jirgi da ruwa bai fi tafin hannu ba. Duk igiyar da ta zo sai ta watso mana. Na rungume farantan a ƙirji, na ja mayafi na rufe.

Ba mu yi nisa ba yarinya ta fara. "Hoto. Ina son hoto."

Yaya ta ce, "Ba ta mana ta gani."

"Yaya, bari mu sauka."

"In mun sauka mi? Buɗe mata ta yi shiru."

"Ruwa na watsowa, Yaya."

Yarinyar ta ƙwalla ihu, ta banƙare, ta buga ƙafa a cikin jirgi. Jirgin ya karkata, ruwa ya shigo ta gefenmu. Wata mata ta yi salati. Mai jirgi ya daka tsawa daga baya, "Ku riƙe 'yar nan! Za ta kife mu!" Muna tsakiyar gulbi, inda ruwa ke juyawa. Mata suka taso mini.

"Baiwar Allah, ba ta mana!"

"Takarda ce fa, ba zinariya ba!"

"A kan hoto za a kashe mu?"

Yaya ta gyara zama, ta yi maganar da na san za ta yi. "Kun ga, abin ɗana ne. Ni na ba ta. In ya yi magana ya zo ya same ni. Kawo nan, amarya."

Wanda bai tashi cikinmu ba zai ce me ya hana in yi bayani, in ce abin nan moter ne, abincin yaro ne. Amma uwa ba ta tsaya wa kayan ɗan fari. Kara ce. In dangin uba suka miƙa hannu kan abinsa, ke ce ta farko da za ki ce a ɗauka. Na ga uwata ta ba da ragon yayana ga baƙo tana murmushi, ta shiga ɗaki ta yi kukanta. Balle Yaya, wadda ta goye shi, ta yi jinyar ƙyandarsa, kuma yanzun nan ta fid da ni hannun soja. Duk jirgin ya ji ta ce ɗanta ne, ni kuma na ce wani yaro.

Ina wannan tunani hannuna ya yi sanyi, farantan suka ɗan buɗe. Yarinyar ta zura hannu, hannun ƙosai, ta cafki kusurwar ledar littafin ta ja. Na ji kwalin baya ya motsa.

Na kama wuyan hannunta. Ban matsa ba, amma ban saki ba. Na ɓamɓare yatsunta ɗaya ɗaya, na haɗe farantan. Sai na ji muryata, ba da ƙarfi ba, don ni ban iya ɗaga murya ba, amma kowa ya ji.

"Ba za a ba ta ba. Na ɗana ne. Ni na haife shi."

Jirgin ya yi tsit, sai ƙarar moter da ta gwangwanin da ake kwalfe ruwa. Yarinyar ma ta yi shiru don mamaki, ba a taɓa riƙe mata hannu ba. Wata tsohuwa a gaba ta ce, "Ikon Allah. Yau uwa ta yi magana." Wata ta yi dariya ta toshe baki.

Yaya ta daɗe tana kallona. Ta ce, "To. Mun ji. Mu da muka wanke kashinsa, ashe bare ne." Ta ɗauke jikarta ta ɗora a cinya, ta juya mini baya. Har muka kai gaɓa ban ɗaga kai ba. Kunnuwana na zafi kamar an mare ni. Farantan na ƙirjina, ban san abin da ya faru a cikinsu ba, kuma ba halin dubawa.

Yana tsaye a bakin ruwa, ya rame, wuyan rigarsa ya yage. Yaya, gwaggonsa, ita ya fara tara, ya durƙusa cikin laka yana gaishe ta. Ta wuce shi da jikarta a hannu, ta ce, "Tashi, je ka gai da uwarka." Ya bi ta da ido, ya dubo ni. Na miƙa masa farantan ina kallon ruwa.

Mutumin Kwatano na jira a wani shago bayan 'yan albasa. Gajere ne mai tabarau. Kafin ya taɓa komai ya wanke hannu da sabulu, ya goge, ya shimfiɗa farin ƙyalle kan tebur. Shatin man ƙosai na nan a kan ledar, yatsu huɗu. Yaron nan ya gani, bai tambaya ba. Mutumin ya zaro littafin kamar mai ciro jariri daga wanka. Ya shinshina shi. Ya kunna fitilar salula ya bi gefensa, ya duba ƙarfen tsakiya, ya duba jan rubutun, ya duba wasu ƙananan lambobi a ƙasa. Man bai ratsa ba, ruwa bai taɓa ba. Na fara numfashi.

Sai fitilar ta tsaya a kusurwar ƙasa. Ya karkata littafin. Wani ɗan lanƙwasa ne, bai fi abin da ake yankewa a farce ba. Ni da ba a nuna mini ba da ban gani ba. Ya yi tsaki a hankali, ya yi magana da Faransanci. Ban ji ba, amma na ga kafaɗar yaron nan ta sauka. Suka yi ta ja, shi yana nuna farin takardun ciki, mutumin yana komawa kan kusurwa. Mutumin ya ajiye littafin ya ɗauki jakarsa kamar zai tafi. Ina zaune kan benci, na riƙe farantaina a cinya, na kasa ko addu'a. Ya kai ƙofa, ya tsaya, ya dawo. Suka tafa.

Kafin a mayar da shi leda yaron nan ya ce da mutumin wani abu, sai ya buɗe shafin ƙarshe ya juyo mini. Ga ta, 'yar mace siririya cikin riga ruwan toka, ta tare jirgin ƙasa da hannu ɗaya, hannun ana ganin haske ta cikinsa. Hoto ɗaya tak. Na dube ta da kyau, tunda saboda ita na ƙetare Kwara.

A waje ya ce da buhunan albasa, "Bai kai sabon moter ba. Amma ya kai tsoho, kuma na san mai gyara." Na ce da ƙasa, "Allah ya sa albarka." Sa'an nan ya ce, "Mi ya samu Gwaggo?" Na ce rana ta yi, zan nemi jirgi.

Labari ya riga ni isa gida. Maigida bai yi mini faɗa ba, ya dai ce, "Da kin bari ta gani." Yaya ta ɗauke ƙafa daga gidanmu. A wajen suna in na shimfiɗa tabarma kusa da ita sai ta tuna tana da magana da wata a can gefe. Na je Tanda da goro da sabulu, ta karɓa, ta yi godiya kamar ga baƙuwa. Ba ta ƙara ce mini amarya ba.

Katinsa ya dawo ta hannun wani direba, amma bai koma neman aikin magaza ba, yana kan ruwa. Bayan kaka muka sake haɗuwa da Yaya a bakin gulbi, kuma jirginsu ne ke kan layi. Ta shiga ta zauna gaba, ni a baya. Da ya zo karɓar kuɗin jirgi ta kwance bakin zane, ya ce, "Haba Gwaggo," ya wuce. Wata mata kusa da ita ta ce, "A'a, Hajiya, jirginku ne?"

Yaya ta nuno ni da haɓa.

"Na ɗan waccan ne. Ita ta haife shi."

Mata suka juyo suna kallona. Na sunkuyar da kai, na riƙe bakin jirgi. Ya ja igiyar moter, tsohon ya yi tari, ya mutu. Ya sake ja, ya kama.